Takardar da Na Rubuta a Kan Khal ɗin Baba

Ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri tun daga farko. Wasu abubuwan da zan faɗa sun kai shekara shida, wasu kuma ba a gabana aka yi su ba, daga bakin marigayin na ji, shi ma yana tuno abin da ya wuce tun ba a haife ni ba. Mai yiwuwa na haɗa Juma'a biyu na mayar da su ɗaya. Mai yiwuwa na sa masa kalmar da ba tasa ba. Abu ɗaya ne ba na shakka a kansa, wato abin da na yi da hannuna, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Baba, dattijon da mu ɗalibai muke kira haka, ya rasu ranar Talata da hantsi, a gidan da ya daɗe yana haya a unguwar Hadayik el-Maadi a Alƙahira, hawa na uku. Aka sallace shi bayan la'asar. Da muka dawo daga maƙabarta mun tarar an jera kujerun roba a lungu, daga ƙofar benen har wajen mai gyaran takalma. Dattawan Sudan suka yi ta shigowa da fararen jallabiyoyi, kowa ya tsaya ya ɗaga hannu a yi Fatiha kafin ya zauna. Mai gadin benen ya ƙi zama, sai zagawa yake da tiren shayi yana share ido da hannun riga. Mata suna sama wajen Inna, matar marigayin, muna jin muryoyinsu ta taga. Can ƙarshen layi akwai wani tsoho Bamisire, Kirista, da sanda da tsohuwar kwat, wanda babu wanda ya san shi a cikinmu. Ya zauna har aka kira magariba.

Mu ɗalibai 'yan Najeriya mu bakwai ne. Na ƙirga sau biyu. A garin nan akwai waɗanda suka shekara uku, huɗu suna cin abincin gidan, wasu yanzu har karantarwa suke yi, amma bakwai ne suka zo.

Wani a cikinmu, ba na zaton da mugun nufi, ya ce a hankali, "Allah ya gafarta masa abin nan da ya riƙa yi."

Na kusa da shi ya ce, "Ai an ce ya daina kafin rasuwarsa."

Surukin Baba, mijin babbar 'yarsa, yana bayansu yana miƙa ruwa. Ya tsaya. "Ya daina me, Malam?"

Babu wanda ya amsa. Ni ne ya kamata in amsa, domin daga wajena maganar ta fito. Na sunkuyar da kai.

Baba Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Katsina da niyyar hajji a ƙafa, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gida. Shi bai taɓa ganin Najeriya ba, amma Hausarsa irin ta kakata ce, sai dai yana yayyafa mata Larabcin Sudan. Ya shigo Alƙahira yana saurayi, ya tsufa a cikinta. Lokacin da na san shi ya riga ya ajiye aikin tsaron sito da yake yi wa wani mai sayar da kayan yaji, abin da ya rage masa shi ne masallaci, da rediyo, da mu.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan taso daga unguwarmu Hay el-Sabi', mu shiga bas zuwa Abbasiya, mu kama metro, jirgin ƙasan cikin gari, mu canza layi, mu sauka mu taka. Mu goma sha biyar, wani lokaci ashirin. Inna ta tuƙa asida, wato tuwonsu, da miyar kuɓewa busasshiya, shi kuma ya gasa agashe a baranda, wato tsiren mutanen Sudan, wanda ya ce kakanninsa ne suka koya musu. A gefe akwai kwanon albasa da aka jiƙa a wani jan khal mai ƙamshi, ruwan tsami irin wanda ake zubawa a salak, amma ba fari irin na kanti ba. Wannan albasar ita ake fara cinyewa. Ba ya karɓar komai. In ka zo da lemo ko burodi sai ya ce, "Ya zol, kai bawan Allah, an ce maka yunwa muke ji? Mayar da kayanka."

Ni Mufti yake kira na. Dalili shi ne ranar farko da na zo na tambayi Inna wa ya yanka naman. Ya ajiye maficin da yake hura gawayi da shi, ya dube ni sama da ƙasa.

"Shekararka nawa a jami'a?"

"Wata biyu, Baba."

"Wata biyu har ka fara binciken mahauta. In ka shekara huɗu sai mu nemi izininka kafin mu sha ruwa. Yalla, Mufti, zauna ka ci, ni na yanka, kuma na yi bisimilla da ƙarfi har maƙwabta sun ji."

Sunan ya bi ni har yau. Ban taɓa jin haushinsa ba, domin gaskiya ne. Ni mutum ne mai tsoro a kan tsarki da sallah, nakan sake alwala a kan abin da wani ba zai ko lura da shi ba. A shekarata ta biyu zazzaɓi ya kwantar da ni sati uku. Baba ya hau metro da bas da ƙafarsa mai ciwo, ya zo da kunu a filas, ya hau benenmu hawa biyar. Ya zauna a bakin katifa yana haki, ya ce, "Na zo in ga ko ciwon ya nemi fatawa kafin ya kama ka." Sau huɗu ya zo, ko biyar.

Yanzu sai in shiga wurin da nake jin nauyin rubutawa. Ina so a fahimce ni: giya haramun ce, shanta da ɗaukarta da sayar da ita, ban zo in sassauta wannan ba, shi ma Baba bai taɓa sassautawa ba. Amma ba zan iya ba da labarinsa in tsallake shekaru ashirin da wani abu na rayuwarsa ba.

Aikin farko da ya samu a Alƙahira a gidan cin abinci na wani Bagirke ne a tsakiyar gari, gidan da aka daɗe da rufewa. Da wanke kwanuka ya fara. Da maigidan ya lura ba ya sha, sai ya damƙa masa makullin ɗakin ƙasa inda ake ajiye giyar inabi, tunda waɗanda suka riƙe makullin kafin shi duk sun riƙa ɗanɗanawa. Baba ya ce mini bai taɓa kai ɗigo ɗaya bakinsa ba, kuma na yarda da shi. Da ido da hanci ya san kayan. Yakan kunna kyandir ya ɗaga kwalba a gabansa ya duba launi da guggubin da ya kwanta. Yakan duba inda ruwan ya tsaya a wuyan kwalba. In an buɗe a sama, ma'aikata su sauko masa da toshiyar ya shaƙa. Sannan yakan tsaya a bakin ƙofar kicin ya ga kofin da ya dawo fanko da wanda ya dawo da saura.

Ba kowa yake yi wa wannan hira ba. Ni yakan yi mini ita in sauran sun tafi na tsaya taya shi kwashe tabarmi, ina jin don ya ga yadda fuskata take canzawa.

"Masu kuɗi," in ji shi, "baƙa suke so, mai kauri, mai suna, wadda aka rubuta Faransa a jikinta. Suna ganin wadda ta fi duhu ita za ta fi daɗewa. Wasu suna daɗewa, ban musa ba. Amma na binne da yawa daga cikinsu a wannan ɗakin. Ta yi nauyi, zafin Masar ya same ta, bayan shekara kaɗan ka buɗe ka ji kamar dabinon da ya kwana a ruwa."

"Baba, ni wannan ilimin ba zai amfane ni ba."

"Wa ya ce zai amfane ka? Ni ma bai amfane ni ba. Saurara dai."

Abin da ya fi ba shi mamaki, ya ce, shi ne wasu jajaye marasa kauri, waɗanda in ka ɗaga su gaban kyandir kana hango yatsanka ta ciki. Maigidan yakan sa a kawo masa su daga ƙauyukan duwatsu na arewacin ƙasarsu, wuraren da ko Girkawan da ke cin abinci a gidan ba su damu da su ba. Ya faɗa mini sunan ƙauye ɗaya, na manta. Suna sababbi ba a son su, masu sha su yamutsa fuska su ce tsami ya yi yawa, ga bauri kamar an tauna ɗanyen goro. To a ganin Baba wannan tsamin da baurin su ne ƙashin abin, launi kuwa riga ce kawai. In aka kwantar da kwalbar a duhu, wuri mai sanyi, ba a motsa ta, baurin yakan sauka ƙasa ya zama guggubi, tsamin ya riƙe sauran. Launin ya tashi daga na rumman ya koma na bawon albasa. Ƙamshin ya tashi daga na ɗanyen 'ya'yan itace ya koma na busasshen tumatir da ƙasar da aka yayyafa wa ruwa.

"Duka haka suke yi?" na tambaya, ban san lokacin da tambayar ta fito ba.

Ya yi dariya har da tari. "Ka ga Mufti ya shigo aji. A'a, ba duka ba. Wadda ba ta da kauri kuma ba ta da tsami, shekara uku ta mutu, ruwan zoɓo ya fi ta. Sai ka san wacce. Matsalar ita ce ba wanda yake ajiye su ya gani. Mai suna ake ajiyewa. Marar suna a shanye ta a shekararta, ko a zuba ta a miya, sannan a ce ba ta daɗewa. Wa ya jira ta?"

Akwai labarin akwati ɗaya da yake yawan maimaitawa. Bayan maigidan ya mutu ɗansa ya gaji wurin, ya sauko ɗakin ƙasa ya tarar da akwatin irin waɗannan a lungu, sun shekara goma sha biyar ko fiye. Ya ce a kai wa mai dafa abinci. Baba ya ce a'a. Ɗan ya ce, "Kai da ba ka sha, kai za ka koya mini?" Baba ya ce a buɗe ɗaya a kai wa wani tsohon likita da ke zuwa kowace Lahadi, kada a nuna masa kwalbar, in ya mayar da kofin ga makulli nan. Likitan ya sha, ya sa aka kira mai wurin ya tambaye shi me ya sa aka ɓoye masa wannan duk shekarun nan.

Na daɗe ina zaton Baba ya ƙara gishiri a labarin. Ranar zaman makoki na je na gaida tsohon Bamisiren nan mai sanda, ashe shi ne ma'aikacin da ya kai kofin. Ya ce ba likita ba ne, lauya ne, kuma ranar Asabar yake zuwa. Sauran duk haka aka yi. Ya ce, "Mu da muke sha mukan yi kuskure. Shi hancinsa bai taɓa kuskure ba. Kuma in lokacin sallah ya yi, ko gidan ya cika, sai ya rufe ɗakin ya fita."

Baba ya bar aikin bayan ya dawo daga hajji. Ya ce a can ne ya ji ba zai iya komawa ya riƙe wannan makulli ba. In ya zo nan a hira muryarsa takan sauka. "Shekara ashirin ina ɗaukar abin da aka la'anci mai ɗaukarsa. Kullum ina cewa sai na samu wani aikin. Ka roƙa mini gafara, Mufti, kai da kake da karatu."

A shekarata ta uku ne, wata Juma'a, Inna ta aike ni in ɗauko gishiri a kabad na ƙasa a kicin. Na buɗe wanda ba shi ba. A ciki akwai tsoffin kwalabe uku masu rubutun Girkanci, an rufe bakinsu da ƙyalle, kusa da su wani babban tulun gilashi da jan ruwa a ciki, da wani abu kamar fata yana yawo a samansa. Ƙamshin albasar da muke ci ne ya bugi hancina. Na rufe kabad ɗin. Ranar ban ci albasa ba, na ce cikina ne.

Baba yana baranda, taku goma daga inda nake. Da na fita na ce, "Baba, mene ne a kwalaben nan?" da an gama. Ban tambaya ba. Na ji kunyar in tuhumi dattijo a gidansa. Sai na tafi da abin a raina, na kwana shida ina lissafin sallolin da na yi da wannan a bakina, ina tunanin ko zan rama su.

A lokacin akwai karatun fiƙihu da wani malaminmu yake yi mana ranar Alhamis a wani gida a Hay el-Sabi', ɗaki ya cika har kan matakala. Al'adar wurin ita ce mai tambaya ya rubuta a guntuwar takarda ba suna, a miƙa hannu zuwa hannu har ta isa gaba, malam ya karanta a fili ya amsa. An yi haka ne don mai jin kunya ya samu tambaya. Na ga kamar wannan ce hanyar da ba za ta cuci kowa ba. Na rubuta, kuma ina tune da kalmomin sarai:

"Malam, mene ne hukuncin cin abincin wani dattijo wanda mai yiwuwa, wallahu a'alam, yana ajiye da tsoffin kwalaben giya a gidansa, kuma wataƙila daga cikinsu yake zuba wa ɗalibai a albasa ranar Juma'a?"

Ina ganin na ɓoye suna. Ban yi tunanin cewa a duk Alƙahira dattijo ɗaya ne yake ciyar da ɗalibai albasa ranar Juma'a ba. Malam sabon zuwa ne, bai san Baba ba. Ya amsa tambayar yadda aka yi ta: in giya ce, najasa ce, a nisanci abincin, a yi wa mai shi nasiha a asirce. Kafin ya rufe baki na ga kawuna suna juyawa. Washegari mu shida ne muka je Hadayik. Juma'ar da ta biyo, uku. Wadda ta biyo, ni ma ban je ba.

Maganar ta yi tafiyar da ban aike ta ba. "Mai yiwuwa" da "wataƙila" suka zube a hanya. Na ji wani sabon ɗalibi, wanda bai taɓa ganin Baba ba, yana gargaɗin abokinsa a bas game da tsohon Hadayik mai ba mutane giya. Ina zaune a bayansu. Ban ce komai ba.

Bayan wajen wata takwas muka kai babin tsarki a wani littafi mafi zurfi, na tarar malaman mazhabarmu suna ganin giyar da ta juye ta zama khal ta tsarkaka, ta halatta. Akwai saɓani a kan wanda ya juyar da ita da gangan, kuma ba fatawa nake bayarwa a nan ba, amma wadda ta juye da kanta ban ga mai hanawa ba. Na je wajen malam shi kaɗai na gaya masa ni ne mai takardar, na kwatanta masa tulun da ƙamshin.

Ya cire tabarau. "Wannan ai khal kake kwatanta mini. Ka ɗanɗana? Ka tambayi mai shi?"

"A'a, Malam."

"Ka rubuta giya, na amsa a kan giya. Da ka rubuta khal da na amsa a kan khal. Ka je wajen dattijon nan ka tambaye shi, ka nemi gafararsa, ka dawo ka faɗa a gaban waɗanda suka ji. Ni zan ba ka wuri."

Na ce to. Na ce bayan jarrabawa. Bayan jarrabawa azumi ya shigo. Bayan salla malam ya koma gida Najeriya, karatun Alhamis ya watse, na ce wa kaina yanzu babu inda zan tsaya in faɗa. Na tsara abin da zan ce wa Baba ya fi sau ashirin. Sau biyu na kai har Abbasiya na juyo.

Ranar da sakamakonmu na ƙarshe ya fito, da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba ne, ya rame, yana dafe da bango, da ƙunshin agashe a jarida. Shekara biyu rabona da shi.

"An ce ka gama. Mabruk. Yanzu ka zama Muftin gaske."

Na durƙusa na gaishe shi, na rasa inda zan sa idona. Ya buɗe ƙunshin da kansa ya tura mini.

"Ci. Lemon tsami na matsa a albasar, kada ka ji tsoro."

Ya faɗa yana murmushi, ba da zafi ba. Ƙofa ce ya buɗe mini, na gane ko a lokacin. Na ce, "Na gode, Baba, Allah ya saka da alheri." Muka yi hirar tsadar haya da ciwon ƙafarsa. Na raka shi tashar bas. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe, wata biyar kafin rasuwarsa.

Kwana uku bayan jana'iza na hau sama wajen Inna. Tana zaune a ƙasa da carbi, babbar 'yarta a gefe. Na yi gaisuwa, sannan na fara, ina kewaye-kewaye kamar yadda na saba.

Ta katse ni. "Takarda za ka ce. Mun sani."

Ta ci gaba.

"Tun satin aka zo aka karanta masa abin da aka rubuta, kalma da kalma. Ya yi dariya. Ya ce mutumin da zai sa mai yiwuwa da wallahu a'alam da wataƙila a tambaya ɗaya, guda ne a Masar."

'Yar ta tashi ta shiga kicin ta fito da ɗaya daga cikin kwalaben ta ajiye a gabana. Ta ce daga wancan akwatin ne. Guda uku toshiyarsu ta lalace, iska ta shiga, suka juye suka zama khal tun suna ɗakin ƙasa. Ranar da ya ajiye aiki ɗan maigidan ya ce ya zaɓi abin da yake so, ya ce waɗannan matattun. Bai shigo da su gida ba sai da ya kai wa limaminsu na lokacin, wani dattijon Sudan, ya shaƙa ya ɗanɗana ya ce khal ne. Limamin ne kuma ya koya masa yadda zai ci gaba: kada ya taɓa ajiye ruwan inabi shi kaɗai har ya tashi, sai dai ya matse kaɗan ya zuba a kan khal mai ƙarfi, khal ɗin ya rinjaye shi. Haka yake yi duk kaka, da jan inabi marar duhu mai tsami da yake nema a kasuwa, wanda masu saye suke tsallakewa. Tun tana goye ake yin wannan a gidan.

Na ce, "Me ya sa bai aiko ya faɗa ba? Da kalma ɗaya ta isa."

Inna ta ce, "Na ce masa. 'Yarsa ta ce masa. Ya ce in ya je ya wanke kansa sai an tambayi wa ya rubuta, kai kuma karatu kake, sunanka ne jarinka in ka koma gida. Ya ce a bar ka, za ka zo da kanka." Ta ja carbi biyu ko uku. "Wata shida ina tuƙa asidar mutum ashirin saboda ya ce wataƙila yau su zo. Mai gadi da 'ya'yansa ne suka riƙa cinyewa."

"Inna, ki yafe mini."

"Shi ya yafe maka tun ranar. Ya faɗa a gabana, ya sake faɗa a asibiti. Ni ce ban yafe ba tukuna, ɗana, kuma ba zan yi maka ƙarya ina cikin takaba ba. Ka tara mutane ka ɓata shi. Tara su ka gyara."

Ranar addu'ar bakwai na miƙe na faɗa. Ban sa mai yiwuwa ko ɗaya ba. Sai dai waɗanda suke wurin dattawan Sudan ne da ba su taɓa zarginsa ba, da mu bakwai ɗin nan. Waɗanda suka cika ɗakin Alhamis sun watsu, wasu Kano, wasu Zariya, wasu Damagaram, wasu suna nan Hay el-Sabi' suna gaya wa sababbin zuwa abin da suka ji. Shi ya sa na rubuta, kuma ina roƙon duk wanda wannan ya isa gare shi ya tura wa wanda ya san ya zauna a ɗakin nan.

Baba bai taɓa ba mu giya ba. Khal ne, halal ne, ni ne ban tambaya ba. Aikin da ya yi a ƙuruciya ya bar shi ya tuba tun kafin a haifi yawancinmu, kuma Allah ne mai karɓar tuba. Ya Allah ka jiƙan bawanka, ka yalwata masa kabarinsa, ka ciyar da shi kamar yadda ya ciyar da baƙi a ƙasar da shi ma baƙo ne, ka ba Inna da 'ya'yanta haƙuri.

Na san akwai waɗanda suka fi ni saninsa, suka riga ni zama a tabarmarsa. Inda na yi kuskuren shekara, ko na canza masa magana, ko na manta wani alherinsa, ina roƙon a gyara mini, zan sa gyaran da bakin mai shi. Na nesa su aiko ta hannun 'yan'uwa. Na kusa kuwa, na tambayi Inna ko su ma su rubuto, ta ce ita ta gaji da takarda. Mai gyara ya hau bene ya faɗa a gabanta, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Juma'ar da ta wuce mu tara ne. Ta leƙo ta ƙirga mu, ba ta ce mini komai ba, ta koma kicin.